Tagullar Binin: Ganima Ce ko Gasabu?

A farkon watan Janairu na shekarar 1897 wani Baturen Ingila mai suna James Phillips, wanda ke riƙon muƙamin babban wakilin gwamnatinsu a yankin gaɓar Neja, ya kama hanyar birnin Binin tare da 'yan'uwansa Turawa kaɗan da 'yan dako fiye da 200, alhali kuwa Oba Ovonramwen ya riga ya aiko masa cewa ya dakata, domin lokacin wasu bukukuwan addininsu ne waɗanda sarki ba ya ganin baƙo a cikinsu. Bai dakata ba. Dakarun Binin suka yi wa ayarin kwanton ɓauna a daji, suka kashe shi da jama'a mai yawa, Turawa biyu kaɗai suka kuɓuta. Kafin wata biyu su cika Ingila ta tara mayaƙa kimanin 1,200 da bindigogi masu ruwa a ƙarƙashin wani hafsan sojan teku, Harry Rawson, suka shiga birnin ran 18 ga Fabrairu, bayan 'yan kwanaki wuta ta cinye fadar, daga bisani aka kai Oba Kalaba, inda ya zauna a tsare har ya rasu a 1914. Akwai abu guda da ba na so in tsallake domin ya shafe mu: cikin baƙaƙen sojan da suka yi wannan yaƙi akwai waɗanda Turawa ke kira Hausa, saboda haka ba mu da ikon karanta labarin kamar na wasu mutane ne can nesa da mu.

Abin da aka kwasa daga fadar ya kai dubbai: kawunan sarakuna na tagulla, da alluna masu ɗauke da surar fadawa da barade da Turawan Fotugal masu dogon gashi, da ƙararrawa, da zakaru da damisoshi na zubi, da sassaƙaƙƙen hauren giwa, da murjanin sarauta. Hafsoshi suka raba wani kashi tsakaninsu, gwamnati ta ɗauki wani, ta baje alluna kimanin 300 a babban Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan, ta bar masa kimanin 200, saura aka sayar. Jamusawa ne suka fi kowa saurin gane darajar kayan, musamman Felix von Luschan, wanda ya yi ta saye wa gidan tarihin Balin har ya tara ɗaruruwa. Wata taskar intanet mai suna Digital Benin, wadda aka buɗe a 2022, ta lissafa kaya fiye da 5,000 a gidaje 131 cikin ƙasashe 20, kuma gidan Landan shi kaɗai yana riƙe da fiye da 900.

Kafin a shiga muhawara ya kamata mai karatu ya san irin abin da ake jayayya a kansa. Maƙeran fadar Binin ƙungiya ce ta gado, ana kiranta Igun Eronmwon, har yau kuwa zuriyarsu na aiki a unguwar Igun. Sukan fara gina cikin abin da yumɓu, su lulluɓe shi da kakin zuma, su zana kome da kome a jikin kakin, har ƙwayoyin murjanin wuya da tsagen goshi, sa'an nan su sake rufe shi da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Idan ta huce sai a fasa yumɓun, shi ya sa ba a samun biyu da suka zo ɗaya sak. Idan Oba ya rasu, magajinsa ne ke sa a zuba kai domin tunawa da shi, a ɗora a dakalin da ake girmama kakanni, a kafa hauren giwa a bisansa. Allunan kuwa, waɗanda mafi yawansu aikin ƙarni na 16 da na 17 ne, a ginshiƙan fada ake kafa su, suna nuna wane basarake ke sa wace irin tufa, wa ke tsayawa a dama, wa ke riƙe takobin sarki, wane yaƙi aka ci. Al'ummar da ba ta yi amfani da alƙalami da tawada ba, a jikin ƙarfe ta ajiye kundinta. Da kayan suka isa Turai, wasu masanansu sun ƙi yarda baƙar fata ne ya yi su, suka jingina su ga Fotugal ko Masar, har sai da kawunan Ife, da kayan Igbo-Ukwu da aka zuba tun wajen ƙarni na 9, kafin wani jirgin Bature ya taɓa wannan gaɓa, suka rufe bakin wannan zance.

A 'yan shekarun nan al'amarin ya motsa. Shugaban Faransa Macron ya yi alkawarin mayar wa Afirka kayan tarihinta a Wagadugu a 2017, aka mayar wa Jamhuriyar Benin, wato tsohuwar Dahomey, kayan fadar Abomey guda 26 a 2021. A shekarar ta 2021 wata kwaleji ta jami'ar Kambirij ta mayar da zakaran tagulla, jami'ar Abadin ta mayar da kan wani Oba. A Yulin 2022 Jamus ta sa hannu kan sakin mallakar kaya fiye da 1,100, gidan Smithsonian na Amurka ya saki 29, gidan Horniman na Landan 72, Holan ta kawo 119 a 2025. Babban gidan Landan bai saki ko ɗaya ba.

Hujjar masu neman a mayar gajeriya ce, duk almajirin da ya karanta babin gasabu a Risala ko a Muhtasar ya san ta: wanda ya ƙwace dukiyar wani da ƙarfi bai mallake ta ba, wajibi ne ya mayar da ita muddin tana nan da idonta, wanda ya saya daga gare shi yana sane hukuncinsu ɗaya, wanda ma ya saya bai sani ba, idan mai ita ya zo da shaida sai a karɓe a ba shi, mai saye ya bi wanda ya sayar masa. A wannan mas'ala shaida ba ta yi ƙaranci ba, domin waɗanda suka kwashi kayan su ne da kansu suka ɗauki hotunansu zaune a tsakiyar tarin haure da tagulla, su ne suka rubuta littattafai suna ba da labari, gidajen tarihi kuma suka shigar a rajistarsu daga wane hafsa aka sayi wane kai. Da wuya a sami shari'ar da mai da'awa zai kafa dukan bayyinarsa daga takardun wanda yake ƙara kamar wannan.

Masu riƙo suna da amsa, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba su da ita. Suna cewa wannan ganimar yaƙi ce, yaƙin kuwa mutanen Binin ne suka jawo shi da kashe ayarin da bai zo da shirin faɗa ba. A wancan zamani kowace daula, ta Turai da ta Afirka, tana ɗaukar ganima halal, Binin ita ma da takobi ta faɗaɗa mulkinta, sojan Rawson kuma sun tarar da gawarwakin mutanen da aka yanka domin tsafi, abin da ba mai gaskiyar da zai musanta. Idan za a warware kowace ganima ta tarihi, wace fada ce a duniya za ta tsira da taskarta? Wannan tambaya tana da nauyi, mu ma da muke da tarihin yaƙe-yaƙe tsakanin garuruwanmu ya kamata mu ji nauyinta. Amma akwai abubuwa biyu da suke raunana ta ƙwarai. Na farko, tun a watan Nuwamban 1896, kafin a taɓa ko mutum ɗaya, Phillips ya rubuta wa magabatansa a Landan yana neman izinin tuɓe Oba, yana kuma kyautata zaton hauren giwar da ke fadar zai biya kuɗin yaƙin. Ashe niyyar ɗaukar dukiya ta riga dalilin da aka kafa, ainihin damuwar kuwa ita ce sarkin ya riƙe cinikin manja da sauran albarkar daji. Na biyu, Turawa ba jahilan wannan hukunci ba ne a tsakaninsu. A 1815, bayan faɗuwar Napoleon, Ingila ce kan gaba wajen tilasta wa Faransa mayar da kayan da ta kwaso daga Italiya da sauran ƙasashe, har dawakan tagulla na birnin Venice. A 1871 Gladstone, yana Firayim Minista, ya nuna takaicinsa a majalisa kan kayan cocin da sojansu suka kwaso daga Maƙdala ta Habasha. Shekara biyu kacal bayan Binin aka rubuta haramcin wasoso a yarjejeniyar Hague ta 1899. Wanda ya san hukunci a gidan maƙwabcinsa Bature, ya manta da shi a gidan baƙin mutum, ba zai kafa hujja da al'adar zamani ba.

Sai su koma ga daɗewa: shekara fiye da 125 kaya na hannunmu, muna tsare su, muna kashe musu kuɗi, ashe tsawon riƙo ba ya zama mallaka? Malamanmu sun san wannan babi, suna kiransa hiyaza, sun kuma yarda cewa wanda ya riƙe gida shekara 10 mai da'awa yana nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani abin da ya hana shi magana ba, to da'awarsa ba a sauraronta. Sai a duba sharuɗan. Mai kayan yana tsare a Kalaba, ƙasarsa na ƙarƙashin wanda ya ƙwace su har 1960, wane mahani ne ya fi wannan? Duk da haka ba su yi shiru ba. Oba Akenzua na Biyu ya nema tun cikin shekarun 1930, har aka mayar masa da wasu kayan murjani na kakansa a 1938. Da Nijeriya za ta yi bikin FESTAC a 1977, ta zaɓi fuskar hauren giwa ta Idia, mahaifiyar Oba Esigie, ta zama tambarin bikin, ta roƙi aronta daga Landan, aka hana, sai da masassaƙan gida suka sassaƙa madadinta. A 1978 Amadou-Mahtar M'Bow, ɗan Senegal da ke shugabantar UNESCO, ya yi kira ga duniya a kan wannan al'amari. Riƙon da mai abu ke ƙalubalanta tsara bayan tsara ba ya zama hiyaza kome daɗewarsa.

Hujjar da ta fi jan hankalin masu ilmi ita ce ta gidan tarihi na dukan duniya, wadda shugabannin manyan gidaje 18 na Turai da Amurka suka rattaba wa hannu a 2002. Ma'anarta ita ce akwai fa'ida ga 'yan Adam baki ɗaya a sami wuri guda inda mutum zai ga aikin Masar da na Sin da na Girka da na Binin a rana ɗaya, ya auna su, ya gane cewa hikima ba gadon wata kabila ba ce; miliyoyin mutane ke shiga gidan Landan kyauta kowace shekara, kuma waɗannan alluna sun fi kowane littafi rushe ƙaryar da ke cewa Afirka ba ta da tarihi. Ni na yarda da rabin wannan magana, ina ma ganin asara ce a wayi gari ba wani aikin Binin a Landan ko Balin, domin akwai 'ya'yanmu da jikokinmu da aka haifa a can waɗanda ke bukatar su ga abin da kakanninsu suka iya. Sai dai duniyar da ake nufi duniya ce mai biza. Ɗan maƙerin unguwar Igun, wanda kakan kakansa ya zuba allon, shi ne mutumin da ya fi kowa wuyar samun izinin shiga ya gan shi, alhali mafi yawan kayan ma ba a baje suke ba, suna cikin ɗakunan ajiya inda ba Bature ba baƙi mai ganinsu. Sa'an nan fa'idar nuni ba ta tabbatar da mallaka. Iyakar abin da take tabbatarwa shi ne ya kyautu mai abu ya ba da aro.

A nan ne muke isowa inda maganar ke mana zafi, wato tsaro. Masu riƙo suna cewa da an bar kayan a Nijeriya da yanzu babu su, suna kuma da misalai na gaskiya. An yi sata a gidajen tarihinmu a shekarun 1980 da 1990, har a Jos da Ife, kayan suka ɓulla a kasuwannin Turai. An haƙe gumakan yumɓu na Nok daga ƙasar Kaduna aka fitar da su ba bisa doka ba, da hannun mutanenmu. A 1973 shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya ɗauki kan tagulla na asali daga gidan tarihi na Legas ya kai wa Sarauniyar Ingila tsaraba, ba a ma san haƙiƙar abin a fili ba sai a 2002. Wanda ya zaga wasu gidajen tarihinmu ya ga rufin da ke yoyo da ma'aikatan da ke aiki ba wuta ba kayan aiki ba zai ce Turawa sun ƙirƙiri wannan zargi ba ne, kuma ba na ganin kishin ƙasa a cikin ɓoye shi. Amma mu tambaya, me wannan hujja ke tabbatarwa a gaban alƙali? Wanda ya kore saniyar wani, aka kama shi, ya ce garkensa ya fi ciyawa kuma mai ita ba ya ɗaure ta da kyau, wataƙila gaskiya ya faɗa, amma ba alƙalin da zai bar masa saniya saboda haka. Bayan wannan, garken nasu ma ba kamar yadda ake yabonsa yake ba. Gidan Landan da kansa ya sayar da kayan Binin wajen 30 tsakanin 1950 da 1972 bisa cewa yana da irinsu, wasu ma Nijeriya ce ta saye su da kuɗinta. Yaƙin Duniya na Biyu ya tarwatsa taskar Balin, sojan Rasha suka kwashi wani ɓangare zuwa Leningrad, bai dawo Balin ba sai bayan haɗewar Jamus. A 2023 aka bayyana cewa kaya kimanin 2,000 sun ɓace ko sun lalace a gidan Landan, har shugabansa ya yi murabus. Sakacinmu aibi ne da ya wajaba mu gyara saboda kanmu, ko da ba a mayar mana da ko ƙararrawa ɗaya ba.

Na san akwai wata shubuha a zuciyar mai karatu Musulmi, wadda ba Bature ne ya kawo ta ba: waɗannan fa surori ne, wasu a wurin tsafi aka ajiye su, an zuba musu jini, mene ne ruwanmu da neman a dawo da gumaka? Tambayar ta cancanci amsa ta ilmi. Ba wanda ya ce mu girmama su, ba wanda ya ce mu ajiye su a ɗakunanmu. Abin da ke gabanmu shi ne haƙƙin wanda aka zalunta, shari'a kuwa ba ta sa addinin mutum ya zama sharaɗin mayar masa da dukiyarsa ba. Malaman Malikiyya sun kai ga cewa Musulmin da ya zubar da giyar wanda ba Musulmi ba mai zaman amana sai ya biya shi ƙimarta, alhali giya ba dukiya ba ce a wurin Musulmi. Kuma hannun da ya kwashi tagullar Binin ɗan'uwan wanda ya kwashi littattafai ne. A 1890 hafsan Faransa Archinard ya ci Segu, ya kwashe ɗakin karatun Ahmadu ɗan Alhaji Umaru Tal, ɗaruruwan mujalladai na tafsiri da fiƙihu da tasawwufi da wasiƙu, suna Faris har gobe, shi kuwa Ahmadu ya yi hijira gabas ya rasu a ƙasar Sakkwato. Duk ƙa'idar da za ta dawo da waɗannan littattafai ita ce za ta dawo da kawunan Binin, wanda ya raina ta a nan ba zai same ta a can ba.

Hujjar da ta fi tsaya mini a rai daga Amurka ta fito, daga zuriyar bayi. Tagullar da maƙeran Binin suka narka, mai yawa daga cikinta mundaye ne da Turawan Fotugal suka riƙa kawowa tun ƙarshen ƙarni na 15, binciken da aka buga a 2023 ya ma nuna asalin ƙarfen daga yankin kogin Rhine na Jamus yake. Cikin abin da ake saye da waɗannan mundaye kuwa akwai barkono da haure da tufafi, akwai kuma mutane. Wani marubucin Fotugal na wajen shekarar 1500, Duarte Pacheco Pereira, ya ambaci kuɗin bawa a wannan gaɓa munduwa 12 zuwa 15. Saboda haka wata ƙungiya a New York mai suna Restitution Study Group ta kai gidan Smithsonian ƙara a 2022, tana cewa a jikin wannan ƙarfe akwai kuɗin kakanninmu, yaya za a miƙa shi duka ga magadan waɗanda suka sayar da su, a raba mu da ganinsa? Kotu ba ta hana miƙawar ba. Gaskiya ne kuma cewa masana tarihi sun nuna Binin ta taƙaita sayar da bayi maza tun ƙarni na 16 na tsawon lokaci, ba ta kai wasu daulolin gaɓa zurfi a wannan ciniki ba. Amma raguwar laifi ba ta shafe shi, kuma mu da kasuwannin bayi suka ci a garuruwanmu har farkon ƙarni na 20 ba mu da fuskar da za mu yi wa waɗannan mutane tsawa. Abin da nake gani shi ne da'awarsu ba ta ba gidan tarihin Bature mallaka, domin ba don tausayin bayi Rawson ya kwashi kayan ba, kuma Ingila da Fotugal su ne manyan masu saye. Amma tana ɗora wa mai karɓa wajibi biyu, ya rubuta wannan tarihi a fili a duk inda aka baje kayan, ba tare da kwaskwarima ba, ya kuma yarda wani kashi ya zauna aro a biranen da zuriyar bayi ke zaune.

Saura tambayar da ta raba kan 'yan gida: a mayar wa wa? Gwamnatin Tarayya ce ta yi shawarwari da ƙasashen waje ta hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi, wadda Farfesa Abba Isa Tijani ya shugabanta a lokacin manyan yarjejeniyoyin. Gwamnatin Edo ta zamanin Godwin Obaseki ta goyi bayan gina sabon gidan tarihi a ƙarƙashin amintattu masu zaman kansu. Oba Ewuare na Biyu ya ce daga fadar kakansa aka ɗauka, fada za su koma. A Maris ɗin 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da sanarwa a gazet cewa Oba ne mai su kuma mai tsaronsu. Sai hayaniya ta tashi a jaridun Jamus cewa an ba al'umma kaya an wayi gari sun zama na mutum ɗaya, jami'ar Kambirij ma ta jinkirta miƙa nata tarin kayan a lokacin.

Bahaushe ya fi Bajamushe kusa da fahimtar wannan. Tagwayen masu na Kano da takobin nan Gajere na Katsina ba na gwamnati ba ne, ba kuma na sarki ba ne irin mallakar da zai kai kasuwa ko a raba wa 'ya'yansa gado. Na sarauta ne, wanda ke kan gado riƙo yake yi, ya karɓa daga na gabansa, zai bar wa na bayansa. A wannan ma'ana hukuncin Buhari ya dace da asali, domin a 1897 babu wata ƙasa mai suna Nijeriya da aka yi wa fashi, fada aka fasa, magajin fadar kuwa sananne ne. Amma ina ganin sanarwar ta tsaya a rabin hanya. Abin da ya fi kama da waɗannan kaya a fiƙihu shi ne waƙafi, wanda ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa, mai kula da shi naziri ne da ake iya tambaya. Ya kamata doka ta faɗi haka da baƙaƙe: kowane abu da ya dawo a shigar da shi rajistar da kowa zai iya dubawa, da hotonsa da awonsa da inda yake kwana, a haramta fitar da shi daga hannun sarauta ta kowace fuska, a ware abin da fada ke bukata domin al'adunta, saura a baje inda ɗan makaranta daga Gusau ko Aba zai biya kuɗi kaɗan ya shiga ya gani. Daidaitawar da aka samu daga baya, cewa hukumar za ta riƙa tsarewa da nunawa da izinin Oba, mataki ne mai kyau, sai dai yarjejeniya tana iya mutuwa da waɗanda suka ƙulla ta, doka ce ke wanzuwa. Bature kuma ba shi da ikon mai da wannan gyara sharaɗi, domin wanda ke mayar da abin gasabu ba ya gindaya wa mai shi yadda zai yi da shi.

Game da aro, ra'ayina ya bambanta da na wasu 'yan'uwa masu zafi. A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan sun kai wa Asantehene Osei Tutu na Biyu, sarkin Asante, kayan zinariya da azurfa 32, waɗanda aka kwaso daga Kumasi, mafi yawa a yaƙin 1874, bisa aron shekara uku da za a iya sabuntawa. Mutane da yawa sun ce wulaƙanci ne a ara maka abinka, kuma da gaskiyarsu. Amma tsofaffin Kumasi sun ga kayan da idonsu a fadar Manhyia, abin da jiran cikakken adalci bai ba su ba cikin shekara 150. Ba zan zargi wanda ya karɓi irin wannan aro ba, muddin bai sa hannu a takardar da ke cewa mai ba da aron shi ne mai abu ba. Hanyar Jamus ce ta fi daidai, inda aka fara sakin mallaka gaba ɗaya, sa'an nan Nijeriya ta bar wani kashi a Balin da sauran birane a matsayin aro daga gare ta, aka sauya rubutun da ke ƙarƙashin kowane kai.

Amintattun gidan Landan suna cewa hannunsu a ɗaure yake, domin dokar majalisa ta 1963 ta hana su fitar da abin da ke taskarsu sai a 'yan wurare ƙalilan. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa rubuta musu wasiƙa shekara bayan shekara bai haifar da kome ba. Amma majalisar da ta ɗaura ta taɓa kwancewa har sau biyu: a 2004 ta ba da izinin mayar da ƙasusuwan mutane ga danginsu, a 2009 ta ba da izinin mayar da kayan da 'yan Nazi suka ƙwace daga Yahudawa da wasunsu. Saboda haka inda ya kamata jakadunmu da lauyoyinmu da 'yan Nijeriya masu ƙuri'a a Ingila su dosa shi ne zauren majalisar, da buƙata guda rubutacciya, cewa a yi wa kayan da aka kwasa da bakin bindiga a Binin a watan Fabrairun 1897 irin dokar da aka yi a 2009, tare da jerin kayan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda rajistar gidan da kanta ta lissafa su.